Abin da Rajista Ba Ta Ɗauka Ba

Oga Ɗayyabu ya buɗe rajista a daren ƙarshen shekara,
ya lashi yatsa, ya ce in karanto, shi zai haɗa jimla.
Ni ba na cin albashi a nan.
Tela ne ni a Yakasai,
amma da jiniya ta yi kuka
ƙafata kan bar feda tun kafin in yi shawara.

Gobara kaza. Rijiya kaza. Kiran ƙarya kaza.
Biro na tafiya kamar akuya a kan katanga,
yana tsallake duk abin da ba a ja wa layi ba.

Ina layin lungun nan na Jakara
da motarmu ta tsaya a bakinsa kamar saniya a ƙofar akurki?
Muka ja mesa a kafaɗa, ta ƙare saura gida uku.
'Yan ga-ruwa ne suka cike giɓin,
jarka bayan jarka, hannu zuwa hannu,
ba wanda ya tambayi wa zai biya.
Aka rubuta: an shawo kanta da ƙarfe huɗu.

Ina layin dutsen da ya fasa mana gilashi a Kurna?
"Sai da ta cinye kuka zo!"
Da gaskiyarsu. Mu ma da tamu:
cunkoso ya riƙe mu a Ƙofar Ruwa,
tanki rabi, famfo ya kwana tara bai ko yi tari ba.
Tasi'u ya share jinin goshinsa da bayan hannu,
ya ce, "Ku dai matsa, an ce akwai yaro a ɗakin baya."
Akwai kuwa.
Shekaranjiya na gan shi yana gara taya.

Da azumi wutar sahur ce, risho da tukunyar gas,
ko lantarkin da ya dawo kowa na barci
ya tarar da dutsen guga kwance a kan tabarma.
Da damina sai abokin aikinmu ya juya mana baya,
kududdufi ya karɓi yaran da suka je wanka,
ya ƙi maido su sai da igiya.

Na taɓa shiga rijiya a Ɗorayi saboda tunkiya.
Iya Kubura na sama, rabin bakinta addu'a gare ni,
rabi faɗa ga tunkiyar.
Goro ɗaya ta ba ni.
Na fi tuna shi da takardar yabon da ke jikin bango.

Wadda ba na son karantowa ita ce ta kasuwa.
Alhaji Nafi'u mai atamfa, zaune a kan toka,
yana tona akwatin ƙarfe da tsinke,
cinikin shekara ashirin na marmashewa kamar busasshiyar kuka.
Bai yi kuka ba.
Tambaya ta ya yi ko na sha ruwa.

Sai kuma wadda ba mu kai ba.
Wannan ba na faɗin unguwar.
Silifa ɗaya, na ƙafar hagu, ja.
Rajista ta ce: rai ɗaya.

Uwale ta daina tambaya ta ina zuwa.
Takan bar tuwo a kula, ta jiƙa rigata a bokiti daban,
kada warin hayaƙi ya bi yara makaranta.
Masu ɗinki ma sun san hali:
in kaftaninka bai fito ranar Juma'a ba,
je ka tambayi wace unguwa ce ta kwana da rufinta.

Oga ya ja layi biyu a ƙarƙashin jimla,
ya ce bana ta fi bara sauƙi da kaɗan.
Ban kai ga cewa Allah ya ƙara ba
wayar tebur ta ɗauki ƙara.
Tasi'u har ya zura ƙafa ɗaya a takalmi.
Oga ya juya shafi,
fari fat, ko kwanan wata ba a sa masa ba.