Awo

Mma Lantana tela ce a Aboabo.
Ita ta ɗinka min rigar saukar karatu,
tef a wuya, allura a leɓe,
tana cewa, "Tsaya cak, 'yar nan,
mai gaggawar yanka shi ke sayen yadi sau biyu."

Yau Talata, a asibitin Komfo Anokye,
ita ce kwance a ɗaki na uku,
an zura mata siririn bututu har cikin mahaifa,
an ce kada ta motsa, ko tari ta yi shi a hankali.

Ni kuwa ina gaban kwamfuta, shayina ya huce.
Hotunan cikinta na zuwa falle-falle,
fari da toka da baƙi,
jikin da ya haifi bakwai, ya binne biyu.
Ga sankarar nan a bakin mahaifa,
ba ta kai goro ba,
ta zauna kamar ita ta gina gidan.

Likita ya zagaye ta da jan layi.
Mafitsara mun ba ta ruwan ɗorawa,
hanji kore, dubura shuɗi,
maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su,
ba su ci ba, ba su sha ba,
bai kamata wuta ta lashe su ba.

Ƙwayar hasken da za mu aika
ba ta fi tsabar shinkafa ba.
Aikina in faɗa mata inda za ta tsaya:
nan daƙiƙa goma sha ɗaya,
can bakwai,
kusa da mafitsara huɗu kacal, ta wuce.
Na ƙara, layin ya taɓa hanji.
Na rage, gefen ciwon ya fita daga inuwa.
Milimita biyu muke ja-in-ja a kai
har aka kira azahar, ban ji ba.

A waje ruwan Kumasi ya kece,
'yarta Hamdiya na zaune bisa benci,
ta rungume kwanon tuwon da ba a yarda a ci ba tukuna.

Da na shiga duba bututun
ta buɗe ido, ta gane ni duk da takunkumi.
"Ke ce mai awon?"
Na ce ni ce, Mma.
Ta dubi hannuna, ba tef, ba alli.
"Kin auna sau biyu?"

Na ce sau uku.

Ta lumshe ido.
Muka fito, muka ja ƙofar dalma.