Taƙi Ɗaya da Yatsa Biyu

Yaya Jelani ya bar mini kekensa
ranar da ya hau motar Illela zai tafi Jado.
Baƙi ne, ɗan gwanjo, tsayinsa kamar ɗan taguwa,
tayoyi masu haƙora, sifirin gaba da baya.
Ba a ƙera shi don dakon albasa ba,
don gangare aka yi shi.

Jelani dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure.
Ni ko a sahun salla
kafaɗata a hammatarsa take tsayawa.

Ran Juma'a bayan la'asar, mu biyar,
mukan tura kekuna har kan tudun Kalambaina,
inda marmara ta yi ja kamar garwashi,
kana hango hayaƙin kamfanin siminti
da Rima tana jan ciki tsakanin gonakin shinkafa.
Daga nan sai gangarawa.
Feda ba ta da aiki, sai birki da zuciya.

Sau uku keken nan yana kayar da ni.
Na farko na miƙe hannu har kafaɗa ta yi ƙara,
kwana ta zo, keke ya ƙi jin magana,
muka kwana cikin sabara.
Na biyu na dira ƙafa da sauri,
ƙarfen tsakiya ya gaishe ni
a inda ba a faɗa gaban surukai.
Na uku ban tuna shi sosai ba.
Haƙorina ɗaya yana can cikin kwazazzabo har yau.

Arzika mai faci, bayan Tsohuwar Kasuwa,
ya dubi leɓena, ya dubi keken,
ya goge baƙin mai a gefen wando.
Ya ce, "Tsaya bisa nai, ƙahwa biyu ƙasa."
Na tsaya a kan yatsu kamar mai leƙen katanga.
Ya nemi wurin sa hannu tsakanina da ƙarfen,
ko farce bai shiga ba.

"Aza gwiwar hannunka ga bakin sirdi. Miƙe yatsu."
Na miƙe har suna rawa.
Tsakaninsu da wuyan keke
ya auna taƙi ɗaya da yatsa biyu.

Na ce a sauke sirdin mana.
Ya ce, "Sirdi shina sauka, ƙashin keke ba ya sauka.
Babba ya hi zama in an kwasa da gudu,
amma sai ga wanda yac cika shi.
Ƙarami kau, in ya yi yawa,
ta bisa ƙaho zai tuɗe ka.
Wanga keke ba naka na ba, ɗan ƙanena."

Na san ba nawa ba ne.
Shekara biyu ke nan lambar Jelani
wata mata ce ke amsawa da Faransanci
cewa ba a samunsa.

Ya ce in kawo shi mu yi musaya,
har da cikon kuɗi a hannuna.
Na yi shiru ina murza ƙararrawa.
Bai sake faɗa ba.

Ya jawo wani shuɗi daga ƙarƙashin tulin tayoyi,
fenti duk ya kwaile, sirdi ɗaure da roba.
Na tsallaka shi, tafin ƙafa ya zauna a ƙasa,
yatsun Arzika huɗu suka wuce har da saura.
Na kama ƙaho, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa
kamar zan ɗauki ƙwaryar fura.
Kuɗin, in ji shi, in riƙa kawowa duk ran albashi.

Juma'ar nan na gangaro har gindin tudu,
na ja jiki baya, keke ya bi ni,
na karya kwanar sabara ban taɓa ganye ba.
Bube ya ce ashe na iya.

Baƙin yana rataye a rumfar Inna.
Nakan ba tayoyinsa iska, in ɗiga wa sarƙa mai.
Jiya na kwance sirdin
na mayar da shi sama,
daidai zanen da Jelani ya yi da ƙusa.