Injin Arzika

Daren da gulbi ya tsallake gaɓa a Suru
ba wanda ya ji sallamarsa.
Da asuba fadama ta zama faranti guda.
Shinkafar Arzika, saura kwana tara a sa mata lauje,
kawunanta kaɗai ke leƙe,
suna kaɗawa kamar masu cewa a zo.

Tawa tana tudu.
Ruwan ya zo har bakin kunya,
ya sansana, ya koma.

Na je jaje, kuma wallahi na yi kuka,
ba irin na ganin ido ba,
wanda ke tokare maƙogwaro ya hana gaisuwa fita.
Na kai tiya uku ta gero.
Tumba matarsa ta karɓa hannu biyu, ba ta ɗago ba.
Mun cika zaurensa har takalma suka rasa wuri,
kowa na cewa: abin da ya taɓa hanci,
ido ruwa yake.

Kwana uku hawayen suka yi a jikina.
Ran na huɗu wani direba ya dawo daga Jega
ya ce buhu ya tashi.
Na ce, "Subhanallahi, talaka ya shiga uku,"
amma yatsuna, can cikin aljihu,
sun riga sun fara lissafi.
Ban aike su ba.

Ran na bakwai zauren ya yi fili.
Nomau ya zo, ya daɗe yana addu'a,
idonsa na kan bajimin da ke turke.
Da masu rubuta sunaye suka iso da motar agaji
Tunau, wanda ko akurkinsa bai jiƙe ba,
ya shiga layi da ƙafar wando a naɗe.
Na yi tsaki. Na ce mutane ba tsoron Allah.

Ni injin ban-ruwa na gani.
Ja ne, ɗan shekara biyu,
yana jingine a bango an lulluɓe shi da buhu.
Na san bashin taki na bin Arzika.
Na san ranar biya.
Sanin nan ya kwana da ni, ya tashi da ni,
ya bi ni har sahun gaba a masallaci.

Na je bayan isha, lokacin da ba idon kowa.
Na ce, "Don dai in rage maka nauyi."
Ya faɗi kuɗi. Na yi shiru irin na mai tausayi
har shirun ya karya kuɗin biyu.
Ya ce albarka.
Har godiya ya yi mini, jama'a,
har ya riƙa mini na ɗora a kan babur.

Yanzu rani ne. Gulbi ya koma ɗan siriri,
kamar bai taɓa cin kowa ba.
Gonata kore shar, injin na ta bugu.
Shekaranjiya ya ƙi tashi.
Na ja igiya har kafaɗa ta yi tsami,
sai na aika a kira mai shi.
Haka bakina ya faɗa: mai shi.

Ya zo da laka a ƙafa, daga gonar da yake ƙwadago.
Ya durƙusa, ya kara kunne,
ya shafa wani wuri da ni ban san da shi ba,
ya ja sau ɗaya.
Ruwa ya yi tsalle.

Ya tsaya yana kallon yadda yake bin kwali-kwali
ya daɗe, bai ce komai ba.
Na sa hannu aljihu in sallame shi.
Dubu ɗaya na taɓa.
Yatsun nan dai suka laluba,
suka fito da ɗari biyar.