Wanda Zai Hana Ta Barci

Ladidi ta cika sha biyu ran Laraba.
Ta ce, "Baba, na gaji da zomo mai wayo,
kawo mini wanda zai hana ni barci."

Sai ga ni Sabon Gari, rumfar Malam Ɗayyabu,
tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tawada,
ina ɗaga bango bayan bango
kamar mai taya akuya yana duba haƙora.

Na farko dodo ne, ido jajur,
haƙora zaƙo-zaƙo, jini har haɓa.
Na ajiye.
Tsoron da ya nuna fuska tun daga zaure,
kafin a kai tsakar gida ya zama abin dariya.

Na biyu fatalwa ce a wata ƙasar ƙanƙara.
Ladidi ba ta san wannan sanyin ba,
ba zai kama ta ba.

Malam Ɗayyabu ya duƙa ƙarƙashin tebur,
ya zaro wani siriri da ruwan damina ya lasa.
Na buɗe. Rijiya ce gindin tsamiya,
guga a rataye, igiya a jiƙe,
ba kowa.
Shafi na gaba yarinya ta leƙa,
inuwarta a ruwa ta ba ta baya.

Tsigar jikina ta tashi,
ga rana tsaka, ga babura na wucewa.
Na tuna Iya Kande a Ƙofar Kuyambana,
fitila a kashe don kar mai ya ƙare.
Ba ta taɓa faɗa mana kamannin abin ba.
"Sai aka ji taku," ta ce, ta yi shiru,
mu zana sauran da kanmu cikin duhu.

Na leƙa ƙarshe, don ni uba ne.
Yarinyar ta dawo gida?
Ta dawo, da dabararta, har da tulunta.
Na biya, ko tayi ban yi ba.

Daren nan aka ɗauke wuta.
Ta karanta da tocila, ta kai ƙarshe, ta koma farko,
ta yi barci da littafin a ƙirji, har da minshari.

Ni ne na fito alwala da asuba,
na tsaya taku bakwai da rijiyar gidanmu,
na ce bari dai in yi da na randa.