Nono a Kan Tsakuwa

Sagiru ya dawo daga Rasha ranar Laraba
da takardar likita da tari mai naci.
Ya iske ni a gindin dutsen ƙauyenmu, gabas da Birnin Kudu,
ina jiƙa ƙotar guduma.

Ya ce, Baba, duba nan.
A fuskar wayarsa hasumiyoyi ne na dutse,
sirara, masu tsini kamar tsinken saƙa,
sun tsaya a kafaɗar tsauni, gajimare na goga musu wuya.
Ƙasa da su tumaki,
ƙasa da tumakin wani kogi mai kumfa.

Ingush ake ce wa mutanen.
Sau uku na maimaita, harshena na tuntuɓe.
Suna sallah irin tamu, in ji shi,
kuma yaro ba ya zama in babba yana tsaye.
Abokinsa Bekan ya kai shi ƙauyen kakanninsu,
ya ɗora tafi a bangon hasumiya
kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

Kakan Bekan ya ba su labari:
kafin a kafa tushe, nono ake zubawa a ƙasa.
In ta shanye, a ƙara tono.
In ta ƙi sha, nan ne wurin.
Kuma gini ba ya wuce shekara,
dangin da suka gaza sun ɗauki abin gori.

Na yi shiru ina kallon namu.

Can sama, da, akwai fa mai amo.
Mu buga da dunƙulen dutse, ta amsa kamar ƙuge,
har masu noma a fadama su ɗaga kai.
Nan Inna Tasalla ke shanya kuɓewa,
rema na leƙen ta daga tsaguwa,
hasbiya na kuka a kan ɗinya.
Ruwan damina kan kwana a gurbi har bayan girbi,
mu sha da baki, a durƙushe, kamar awaki.

Ni na kwantar wa fa ɗin wuta.
Tsofaffin tayoyi, kwana biyu,
da asuba ta uku ta tsage da ƙara ɗaya
wadda ban taɓa jin irinta ba, ban kuma ƙara ji ba.
Tifa goma sha bakwai.
Su ne kuɗin jirgi.
Su ne rigar sanyin da ke jikinsa a hoton.

Ya ce, Baba, gobe ka kai ni in ɗauko amon nan,
na yi wa Bekan alkawari.
Na ce Allah ya kai mu.
Ina zan ce masa tana ƙarƙashin kwalta,
motocin Gwaram na taka ta?

Da dare na ɗauki ragowar nonon fura
na tsiyaya a filin aikina.
Tsakuwa ta shanye kafin in miƙe.

Saura kogon nan na arewa,
inda wani, tun kafin a san sunan garin,
ya zana saniya da jar ƙasa, ƙahonta har rufi.
Mai tifa ya taya mini shi tun bara.
Gobe can zan kai yaron.
In ya ɗora tafinsa a bango,
zan tsaya a bayansa, hannuwana cikin aljihu.