Mai Sayar da Sunaye

Bana a Aliero albasa ta ruɓe a rumbu.
Jabbi ya zo mini bayan magariba, hula a hannu,
ya ce, "Malam, wanga abu ba banza ba.
Akwai waɗanda ka zama cikin dare,
su ad da farashi, su ad da tsutsa."

Ban musa ba. Na zuba masa shayi.
Ga takardun ɗalibaina baje a tabarma,
tarihin Turai, shekara ɗari biyu baya,
sa'ad da sarakunansu suka gama yaƙi,
suka raba ƙasa kamar naman watanda,
sannan barci ya ƙaurace musu.

Ɗalibi ya yi tari a wani gari,
waziri ya ce alama ce.
Masaƙa sun fito titi don burodi ya yi tsada,
waziri ya ce a'a, hannu ne, hannu guda,
daga wani ɗaki mai kyandir
inda ake rantsuwa da wuƙa.
Jakadu suka yi ta aiken wasiƙa da hatimi,
kowa na tsorata ɗan'uwansa
da dodon da shi ma bai gani ba.

Ƙungiyoyin akwai su, ban ce babu ba:
mutum goma da bashi ya yi wa katutu,
suna gardamar wa zai biya kuɗin fitila.
Amma ɗan rahoto na fi tunawa,
wanda ake biya a kan kowane suna.
Ran da sunaye suka ƙare, tukunya ba wuta,
ya leƙa taga,
ya rubuta maƙwabcinsa mai gyaran agogo.

Jabbi ya kurɓa. "To ka gani? Har can suna nan."

Na so in ce masa jinkarsa na yoyo tun bara,
in ce gari guda muka dasa abu guda,
muka kai kasuwa rana guda.
Sai dai yoyo ba shi da fuska,
raɓa ba ta jin tsinuwa.
Mutum ya fi son a ce an yi masa
da a ce ta faru.

Da zai tafi sai ya rage murya:
"Ka lura Tunau bai yi asara ba?"
Tunau, da ya sayar da babur ya sake rufi.

Na raka shi bakin zaure, na dawo.
Shayina ya huce.
Mai gyaran agogo na nan cikin takarda,
ya duƙufa kan aikinsa,
bai san an rubuta shi ba.