Giyar Hannu

A Ƙofar Marusa, rumfar Tasi'u mai walda,
na zauna kan tsohuwar taya.
Ya ce, "Miƙo hannu."
Ya auna daga kafaɗa zuwa tsintsiya,
ya yanke rodi daidai.

Birkin da aka ƙera don ƙafa
ya hauro, ya kwanta ƙarƙashin yatsuna.
Giya ta zama sanda a hagu,
kanta ƙwallon roba
na autan Tasi'u, yaron na ta kuka.

Shekara talatin tafukan nan na taka ƙasa
cikin silifa.
Yau na tuɓe musu.

Na murɗa, taya uku suka amsa.
Na wuce ƙofar gidanmu ban waiga ba.
Sai a Batagarawa na tuna
ban ba Tasi'u cikon kuɗinsa ba.